Charles Elton, Mai Ƙidayar Ɓeraye

Kowane manomi ya san akwai shekarar da ɓera ke hana rumbu sakat, wata shekarar kuma a neme shi a rasa. Me ke kawo haka? A kan wannan tambaya Charles Elton, masanin dabbobi na Jami'ar Oxford a Ingila, ya share fiye da shekara 40.

An haife shi a 1900. A 1923, yana hanyar dawowa daga tsibirin Spitsbergen, ya yada zango a Tromso ta ƙasar Norway, ya sayi wani littafi kan dabbobin ƙasar. Ba ya jin yaren, sai ya zauna da ƙamus yana bi kalma-kalma. A nan ya ci karo da labarin lemin, wani ɗan ɓera mai guntun wutsiya da ke cika ƙasa duk shekara 3 ko 4, sannan ya ɓace kamar an share.

Elton ya ga lallai abin yana da lissafi. Ya shiga tsofaffin littattafan cinikin kamfanin Hudson's Bay, mai fataucin fatu a Kanada a wancan lokaci, ya tarar yawan fatun kyanwar daji na hawa da sauka kusan duk shekara 10, daidai da zomon da take ci. A 1932 ya kafa ofishin nazarin yawan dabbobi a Oxford. Aikin ba na mai gaggawa ba ne: a ɗana tarko, a yi sammako a duba, a auna, a rubuta.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, abinci ya yi wuya a Birtaniya, sai ya karkata mutanensa ga ɓerayen da ke ɓarna a ɗakunan ajiya. Sun lura ɓera na ɗari-ɗari da duk wani sabon abu. Dabararsu ita ce a riƙa ajiye masa abinci lafiyayye na 'yan kwanaki, sai ya saki jiki sannan a sa magani.

Elton ya ajiye aiki a 1967, ya rasu a 1991. To, mai rumbu, kafin ka zuba magani, ka fara sanin halin ɓarawon naka.