Ina Hoton Kaka?

A da, mutumin Ikara ko Kudan in yana son hoto, sai ya jira ranar biki ko kuwa ya hau mota zuwa Zariya. Hoto guda ake samu, a rataye shi a bango shekara da shekaru. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, yau ga kyamara a aljihun kowane saurayi. Har manomin rake a Makarfi yakan ɗauki hoton gonarsa ya aika wa mai saye.

Amma gida nawa ne ke da hoton kakarsu a bango? Waya takan faɗa ruwa, ɓarawo yakan sace ta, hotuna ɗari su salwanta rana ɗaya.

To, ga shawara. Ku nemi izinin tsohuwa tukuna. Ku goge gilashin kyamara, ku zaunar da ita a inuwa da hantsi, haske yana fuskarta, ba bayanta ba. In bidiyo ne, ku riƙe wayar a kwance, ku matso kusa, ta faɗi sunayen iyayenta da garin da suka fito. Sa'an nan ku kai a wanke hoton a takarda. Jikokinku za su tambaya.