Tsohuwar Amfilifaya Mai Bawul: San Shekarunta da Darajarta Kafin Ka Je Wurin Masu Inshora

Kamfanin inshora ba ya biyan diyya a kan abin da ka faɗa da baki. Abin da ka iya tabbatarwa da takarda da hoto shi yake dubawa. Kuma a kan kayan lantarki lissafinsa na kullum shi ne, duk abin da ya tsufa darajarsa ta ragu. Talabijin, firij, janareta, duk haka ake yi musu: a cire kaso saboda shekaru, a miƙo maka abin da ya rage. Idan aka yi wa amfilifayar jitar bes mai bawul, wadda aka ƙera shekara 50 ko 60 da suka wuce, irin wannan lissafi, abin da zai zo hannunka ba zai sayi ko lasifikarta ba. Alhali ita tana cikin 'yan tsirarun kayan lantarkin da tsufa ke ƙara wa kuɗi.

Wadda ake magana a kanta ita ce irin ta da, ta kafin tiransisto ya mamaye kasuwa. In ka leƙa bayanta za ka ga ƙwayayen gilashi a jere, suna yin ja idan sun ɗau zafi. Su ne bawul. Kusa da su akwai manyan taransifoma guda biyu, waɗanda su ke sa ta nauyin tsiya. Kamfanin Fender na Amurka ya fito da Bassman a 1952, shekara guda bayan ya fito da jitarsa ta bes mai aiki da lantarki. Ampeg ya biyo da B-15 a 1960, ƙirar Jess Oliver, mai kan da ake kifewa cikin akwatin lasifika in za a yi tafiya. A 1969 kuma ya fito da SVT mai ƙarfin wat 300, wadda kanta kaɗai ya doshi kilo 40. Har gobe makaɗa da masu ɗakunan ɗaukar sauti a Amurka da Turai suna neman waɗannan ruwa a jallo, saboda sautinsu mai kauri da taushi.

Kada wani ya ce wannan zancen Turawa ne kawai. Irin waɗannan kaya sun shigo ƙasashenmu, wasu a hannun makaɗan da, wasu cikin kayan gwanjo, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da ɗaya a siton majami'a, ko na tsohon gidan rediyo, ko cikin kayan gado, ƙura ta rufe ta. Babban haɗarinta a nan ba gobara ba ce, ɗan gwangwan ne. Shi awo yake yi, ya biya kuɗin ƙarfe, ya fasa taransifomar ya zare tagullar da ke ciki. To taransifomar nan ta asali ita ce mafi tsada a jikin amfilifayar gaba ɗaya.

Kafin a je ga karanta shekaru, ga gargaɗi, don maganar rai ce. Cikin amfilifaya mai bawul akwai wuta mai ƙarfin bolt 400 zuwa 500, a SVT ma ta fi haka, kuma kafasito suna iya riƙe ta bayan an zare waya daga soket. Hannu ɗaya a wurin da bai dace ba ya isa ya kashe mutum. Wanda ba sana'arsa ba ce kada ya kwance cikinta. Ya kai wa mai gyaran da ya san aikin bawul, shi ya tsaya gefe da wayarsa yana ɗaukar hoto. Haka kuma yawancin na Amurka an yi su ne don wutar bolt 120, tamu kuwa a Nijeriya da Nijar da Gana wajen 220 zuwa 230 ce. Jona ta kai tsaye ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba, cikin daƙiƙoƙi sai hayaƙi. Ba a kuma kunna ta ba tare da an haɗa lasifika ba, don hakan na iya ƙona taransifomar da ke fitar da sauti. Wadda ta yi shekaru a ajiye, a hankali mai gyara ke ɗaga mata wuta, ba a danna mata gaba ɗaya wai don a ji ko tana da rai.

Yanzu shekarun. Mutane da yawa lambar siriyal suke fara dubawa, su tsaya nan. Tana da amfani, dole ma a rubuta ta, amma a tsofaffin Fender da Ampeg ba kullum take faɗin shekara ba. Kamfanin Marshall na Ingila ya fi sauƙi a nan: daga 1969 ya riƙa haɗa harafi da lambar, A na 1969 zuwa 1970, aka tsallake B, C na 1971, D na 1972, haka har gaba.

A Fender, fara da takardar da aka manna a cikin akwatin, wadda ke nuna gurbin kowane bawul. Daga 1953 zuwa 1967 ana buga mata hatimin haruffa biyu da tawada. Na farko shekara ne, na biyu wata. C na nufin 1953, D 1954, a bi jeri har J ta zama 1960, O ta zama 1965, Q ta zama 1967. Watanni kuma A Janairu ce, L Disamba. Saboda haka in ka ga OC, an gama haɗa ta a Maris 1965. Tufarta ma tana magana. Ta shekarun 1950 yadi ne mai ruwan ƙasa-ƙasa da saƙar karkace ya lulluɓe ta. Daga wajen 1964 zuwa 1967 fuskar maɓallanta baƙa ce. Daga 1968 ta koma ruwan azurfa. Kamfanin CBS ya sayi Fender a Janairun 1965, kuma masu saye suna bambanta kayan kafin cinikin da na bayansa sosai a farashi. A B-15 ta Ampeg, shuɗiyar leda mai ƙananan ɗigo-ɗigo kamar dara tana nuna tsakanin wajen 1962 da 1967, daga nan baƙa ta karɓe ta.

Sai dai takarda na iya yagewa, leda kuma ana canza ta. Shaidar da ta fi ƙarfi tana jikin sassan da kansu. Masana'antun lantarki na Amurka suna da tsarin buga lamba a kan abin da suka ƙera: lambar kamfani a farko, sai shekara, sai mako. Duba bayan 'yan gwangwanayen nan da maɓallan murɗa sauti ke juyawa. In ka ga 1376542, to 137 kamfanin CTS ne, 65 shekarar 1965, 42 kuma mako na 42, wato cikin Oktoba. In 304 ce a farko, Stackpole ne. A bakin ƙarfen lasifika, 220 Jensen ne, 465 Oxford, 328 Utah, 67 Eminence. A kan taransifomar Fender sau da yawa za ka ga 606, ta Schumacher. Inda ake tuntuɓe shi ne lamba mai guda shida, inda shekarar lamba ɗaya ce tak. Lasifika mai 220412 ta Jensen ce, mako na 12, amma 4 ɗin nan 1954 ce ko 1964? Sai an haɗa da tufar amfilifayar da sauran sassan kafin a yanke.

Ƙa'idar karatun ita ce, amfilifaya ba za ta girmi mafi ƙarancin shekaru cikin sassanta na asali ba. Sassa kan yi watanni a ma'ajiyar masana'anta kafin a ɗaura su, don haka ranar haɗawa tana zuwa ne bayan lambar da ta fi kusa da yau. Idan duk sassa suna cewa 1964, guda ɗaya yana cewa 1978, to wannan gudan canji ne, kuma sau da yawa sabuwar dalmar da ke jikin wayoyinsa za ta tona. Bawul kuwa ba a yin shaida da su. Kayan ƙarewa ne, ana canza su. Samun tsohon bawul na kamfanin RCA ko Mullard a ciki ƙarin daraja ne, amma ba ya tabbatar da shekarar komai.

A kula da sababbin da aka yi da kamannin tsofaffi. Tun 1990 Fender ke sake ƙera Bassman irin ta 1959, da yadinta da komai, Ampeg ma ya sake fito da SVT da B-15. Kaya ne masu kyau, ba jabu ba ne, amma kuɗinsu daban. Wanda ya rubuta wa kamfanin inshora 1959 alhali ta shekarun 1990 ce, ko da bisa rashin sani ne, ya ba su hujjar ƙin biya, domin yarjejeniyar inshora a kan faɗin gaskiya cikakkiya take tsaye.

Daraja kuma abu uku ke yanke ta: samfuri da shekara, yawan abin da ya rage na asali, sai lafiyarta. Bassman ta 1959 mai lasifika huɗu, wadda Marshall ya kwaikwayi tsarinta a amfilifayarsa ta farko a 1962, dubban daloli ake sayenta. Mai fuskar azurfa ta shekarun 1970 ba ta ko kusa. Canza kafasiton da suka bushe, ko sa waya mai baki uku saboda kariya daga jan wuta, gyara ne da masu saye suka yarda da shi. Amma canza taransifoma, ko huda sababbin ramuka, ko sake mata leda don ta yi kyau, yana zubar da kuɗinta ƙwarai. A ganina mafi yawan ɓarnar da ake yi wa waɗannan kaya da kyakkyawar niyya ake yin ta, mutum na son ya sabunta, sai ya goge shaidar. Duk abin da mai gyara ya cire, ka karɓa ka ƙulle a leda ka ajiye.

Wajen neman farashi, kada ka dogara da abin da masu talla suka rubuta a intanet. Kowa na iya sa wa kayansa kuɗin da ya ga dama. Ciniki sai an sallama. A shafukan Reverb da eBay ana iya ganin waɗanda aka riga aka sayar da nawa aka sayar, kuma mujallar Vintage Guitar tana fitar da littafin farashi duk shekara. Nemi uku ko huɗu masu shekara da yanayi irin na taka, ka buga su a takarda da kwanan wata. Ka tuna kuma cewa maye gurbinta daga ƙasar waje ya haɗa da kuɗin dako da na kwastan, kuma kaya mai wannan nauyi dakonsa ba wasa ba ne. In kuɗin ya yi yawa, nemi rubutaccen ƙiyasi mai sa hannu daga dillali ko mai gyaran da kamfanin inshorar ya amince da shi.

Idan ka zauna da wakilin inshora, ko na takaful ga mai son tsarin Musulunci, tambayar farko ita ce, da wane lissafi za a biya ni? Akwai biyan darajar kaya bayan cire tsufa, wanda shi ne mafi muni gare ka. Akwai biyan kuɗin sabo makamancinsa, wanda zai iya ƙarewa a ba ka amfilifayar zamani a ce an gama. Wanda ya dace da tsohon kaya shi ne a amince da adadi tun farko, a rubuta amfilifayar da sunanta da lambarta a cikin takardar, ranar asara ba sai an yi jayayya ba.

Kada kuma ka rage darajar don kuɗin zubi ya yi sauƙi. Yawancin takardun inshorar dukiya suna da sharaɗin biya gwargwado. A ce kayan na naira miliyan 4 ne ka rubuta miliyan 2, sai aka yi ɓarnar miliyan 1, to rabi za a ba ka, dubu 500. Wannan ya fi cizo a Nijeriya, inda farashin irin wannan kaya ke bin dala. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Ƙiyasin da aka yi kafin nan ya zama tsohon zance, shi ya sa ake sabunta shi duk lokacin sabunta takarda.

Sauran tambayoyin gajeru ne amma ka nemi amsarsu a rubuce. Inshorar gida sau da yawa ba ta ɗaukar kayan da ake neman kuɗi da su, ko waɗanda aka fita da su wajen biki, ko aka bari a mota. Ta gobara kuma takan cire ƙonewar da na'ura ta yi saboda wutar da ta yi mata yawa, wanda a wurinmu, tsakanin wutar gari da janareta, shi ne ya fi saurin faruwa. Ka kuma tabbatar kamfanin yana da lasisi. A Nijeriya hukumar NAICOM ce ke ba da shi, kuma tana wallafa sunayen masu shi.

Mai irin wannan amfilifaya, wannan makon ka kira mai gyara, a ɗauki hoton gaba da baya da ciki, da lambar siriyal, da takardar bawul, da kowace lamba da ke jikin lasifika da taransifoma. Haɗa su da rasit ɗin saye da na gyara, ka tura kwafi zuwa imel ɗinka ko wayar wani ɗan'uwa, kada su kwana ɗaki ɗaya da amfilifayar.