Hotunan Cikin Akwati: Wace Na'ura Za Ki Saya?

'Yar'uwa mai karatu, ki buɗe akwatin ƙarfen tsohuwarki, ki ɗaga turamen atamfa, lalle za ki iske hotuna a ƙasa. Ni da na buɗe namu a Gumel, sai na tarar gara ta cinye rabin fuskar kakata. An ɗauke ta tun muna cikin Jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991, kuma ba ta da wani hoto sai shi. Ambaliyar 2022 kuwa ta jiƙa akwatuna da yawa a jiharmu.

Maganin abin shi ne na'urar da a ke kira sikana, watau mai kwafe hoto ta sa shi cikin kwamfuta. Iri biyu ce. Akwai mai zuƙe takarda da kanta, irin ta ofis. Ki guje ta, gama tsohon hoto ya bushe, tana iya kankare shi ko ta yage shi. Ki nemi mai shimfiɗaɗɗen gilashi, wadda za ki kifa hoton a kai ki rufe murfi.

To, sai batun wuta, wanda a ganina ya fi kome. Waɗansu, kamar Canon LiDE 300, daga jikin kwamfuta su ke shan wuta ta wayar USB. Muddin kwamfutar hannu na da caji, ko a ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar aiki zai yiwu. Epson V600 ta fi ta, domin har fim ɗin da a ke wanke hoto da shi tana kwafewa, amma sai an jona ta a bango, ga tsada. In ba ki da fim a ajiye, don me?

Kada mai kanti ya ruɗe ki da manyan lambobi. Ana auna kyan kwafi da ɗigo nawa ne cikin inci guda. Ɗigo 300 ya isa in girman hoton na asali ki ke so. Ɗan ƙaramin hoton fasfo da za a faɗaɗa, a ba shi 600 ko fiye.

Ki share gilashin da tsumma mai laushi, musamman lokacin hunturu, don ƙwayar ƙura ɗaya tana fitowa kamar tabo a kumatu. Hoton da ya manne da gilashin firam, kada ki ɓamɓare shi. Ki ɗauke shi da waya yadda ya ke.

Ba dole kowane gida ya sayi tasa ba. Matan unguwa goma na iya yin adashi su sayi ɗaya, ta riƙa zagawa, har a aika wa dangi a Maigatari ranar Alhamis ta hannun masu zuwa kasuwa. Ranar da ta zo gidanku, ki zaunar da Hajiya kusa da ke, da fensir da littafi, ta faɗa miki sunan kowa da ke cikin hoton.