Mayen ƙarƙashin teku: iskar da ke sa masu nutso mantuwa

A watan Satumba na shekara ta 1947, kusa da garin Tulon na ƙasar Faransa, wani sojan ruwa mai suna Maurice Fargues ya nutse cikin teku yana bin igiya da aka ɗaura wa alluna. Ya kai mita 120, ya sa hannu a allon da ke wurin, daga nan hankalinsa ya gushe. Ko da aka jawo shi sama, ba a samu ceto ransa ba.

Abin da ya kayar da shi iskar da muke shaƙa ce kullum. Kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, wanda ba ya yi mana kome a doron ƙasa. Amma duk mita 10 da mutum ya ƙara nutsewa, sai a ƙara masa nauyi daidai da na iskar da ke bisa kanmu, naitirojin kuma ya riƙa narkewa cikin jini har ya kai ƙwaƙwalwa. Tun a 1935 likitan sojan ruwan Amurka, Albert Behnke, ya gano haka. Daga wajen mita 30 alamun ke bayyana: nishaɗi ba dalili, jinkirin tunani, da ganin kome da sauƙi.

A ganinmu mantuwa ce ta fi haɗari. Gwaje-gwajen masana sun nuna abin da mai nutso ya koya tun yana tudu ya fi zama daram. Sabon abu ne ba ya kama zama a kai. Sai ya duba agogon tulun iskarsa, ya ɗauke ido, lambar ta ɓace masa. Ko a aike shi duba bututun mai, ya fito ya kasa kawo cikakken bayani. Ga shi kuma, kamar mashayi, yakan rantse lafiyarsa lau.

Mayen kan washe cikin 'yan mintoci da zarar ya hauro sama, amma abin da bai shiga kai ba tun farko ba ya dawowa. Shi ya sa ake ba su allo da fensir su rubuta a take, ake kuma maimaita masu dabarun ceton rai a tudu har su zama jiki. Masu aiki a zurfi sosai kuwa, ana rage masu naitirojin a sa hiliyom a madadinsa. Da cakuɗar hiliyom da haidirojin da iskar oksijin ne Théo Mavrostomos na kamfanin Comex ya jure nauyin mita 701 a ɗakin gwaji a birnin Marsai a 1992.