Ganuwar Zazzau ta girmi Najeriya, amma tana zaizayewa

Ƙofar Doka na nan tsaye a birnin Zariya, sai dai a wurare da dama ganuwar ta koma tudun ƙasa. Damina na cin ta, magina na ɗibar ƙasarta, wasu ma sun gina gidaje a kanta.

Tana tsaye Turawan Ingila suka shigo Zazzau a 1902, tana tsaye Lugga ya haɗe Arewa da Kudu a 1914. Kafin a gano mai a Oloibiri a 1956, audugar manoman nan ake lodawa jirgin ƙasa zuwa Legas.

Hatta Abuja, da kuɗin mai ya gina, sunan Abu Ja take ɗauke da shi, ɗan tsohon gidan sarautar Zazzau.