Hayaƙin wasu, ambaliyarmu: abin da damanar 2024 ta ci wa Nijar

A farkon watan Satumban 2024, tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya. A damanar nan ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, kuma jahar Maradi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Har komawa makaranta sai da gwamnati ta ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba, don azuzuwa sun zama matsugunin waɗanda suka rasa gidaje.

Masana na alaƙanta irin wannan ruwa da ɗumamar duniya: iska in ta yi zafi takan riƙe danshi mai yawa, sai ta sauke shi lokaci guda. Hayaƙin man fetur, gas da kwal ne ke kawo ɗumamar, kuma a nan lissafin ke da ciwo. Afirka baki ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba. Abin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa a shekara ya haura na ƴan Nijar 100.

Amma mu ke biya. Kusan mutum 8 cikin 10 a ƙasar nan da noma da kiwo suke rayuwa. In gona ta nutse, tiyar hatsi ta tashi a kasuwa. In gada ta karye, albasar Galmi ta ruɓe a mota. Kuɗin da ɗan ci-rani ya aiko daga Legas ko Aljeriya don jari, sai ya ƙare a tada katangar gida. Gaskiya mu ma da laifinmu, wajen gini a hanyar ruwa da cika magudanai da leda, amma ba leda ce ta ƙara yawan ruwan ba.

A Kofenhagen, a 2009, ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 kowace shekara daga 2020. Sai a 2022 aka ce adadin ya cika, kuma mafi yawansa bashi ne, wato wanda aka yi wa ɓarna shi zai biya da ruwa. Asusun biyan asara da aka amince da shi a Masar a 2022, abin da aka yi alkawarin zuba masa a taron Dubai na 2023 bai kai dala biliyan ɗaya ba, kuma duk ƙasashe masu tasowa ne za su raba.