BATIR BIYU A MOTAR GONA: ƊAYA NA IRI, ƊAYA NA CI

Da yawa daga cikin mazauna Ƙofar Kibo, kamar sauran mutanen birnin Zazzau, gidajensu na cikin ganuwa amma abincinsu yana waje. Wani gonarsa na fadamar Galma, wani Soba ko Maigana, wani kuwa fatauci ke kai shi kasuwannin Giwa da Maƙarfi. Waɗanda Allah ya hore wa sukan nemi mota mai ja da ƙafa huɗu, ko Hilux, ko tsohuwar Land Cruiser, ko dai wata a-kori-kura mai ƙwari, gama hanyoyin nan ba na ƙaramar mota ba ne, balle a watan Agusta.

To, motar gona yanzu ba ɗaukar kaya kaɗai take yi ba. In ta isa ƙauyen da babu lantarki, 'yan ƙwadago su kawo wayoyinsu a jona, a jona batirin injin feshi, dare ya yi a kunna ƙwan fitila a bukka, in kuwa da malamin dabbobi a tafiyar, ga ɗan firjinsa na allurar rigakafi. Duk wannan daga batir guda ake zuƙa, shi ne kuma ake jira ya ta da inji da asuba.

A da, mutuwar batir ba ta zama abin ta da hankali ba. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, tana da wani ƙarfe da akan zura ta gaba a murɗa, inji ya kama. In babu, a tara samari a tura. Motocin yanzu ba su san wannan ba. Mai canza giya da kanta ba ta tashi da turi ko kusa. Sababbin masu shan gas kuwa kwamfuta ke ba su mai, in batir ya mutu murus ko garin duka ya taru ya tura ba za su ce uffan ba. Mai tumatir da ya yi lodi da yamma don ya riski kasuwa da sassafe, ya ga ta kansa. Kuma a shekarun nan akwai dazuzzukan da mai hankali ba ya so dare ya same shi a ciki yana jiran makaniki.

Maganin abin shi ne a ƙara batir na biyu. Amma ba ƙarin ne kaɗai maganin ba, a nan mutane da yawa ke ɓata kuɗinsu.

KOWANE DA AIKINSA

Manomi ya san ba a haɗa iri da hatsin ci a rumbu ɗaya. In aka haɗa, uwargida ba ta da laifi in ta ɗebo, ranar shuka sai a tarar babu. Haka batir yake. Na farko, wanda ya zo da mota, shi ne iri, ba a taɓa shi sai don ta da inji. Na biyu shi ne na ci.

Har ƙirarsu ma ba ɗaya ba ce. Batirin ta da inji faifan darmar da ke cikinsa sirara ne masu yawa, don ya ba da wuta mai ƙarfi farat ɗaya. Sitatar injin gas takan ja amfiya ɗari uku ko fiye, amma na daƙiƙa biyu ko uku kawai, sa'an nan altaneta ta mayar masa da abin da ya fita. In aka riƙa tatse shi ƙarƙaf, ba ya yin rani biyu. Batirin aiki kuwa, irin wanda ake sa wa sola a gidaje, faifansa masu kauri ne, an yi shi don ya riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan tsawon yini, a tatse shi a cika. Shi ya kamata a saya na biyu, ba wani tsohon batirin mota da aka ciro daga wurin masu caji ba.

Ko shi ma ba a shanye shi duka. A jikin kowane batir akwai lamba da harufan Ah, watau yawan wutar da yake ɗauka. Mai 100, in na darma ne, 50 kawai ke na mai shi, sauran ajiya ce, in ana so ya yi ƙarko. Ga lissafi yadda akawu zai so: ɗan firji na mota yakan ci 30 zuwa 40 a kwana ɗaya da bazara, gwargwadon yawan buɗewa. Ƙwan fitila mai wat 10, awa biyar, wajen 4. Wayoyi goma, wajen 10 ko fiye. Batirin injin feshi, wajen 10. An riga an haura 50 ke nan tun ba a kwana biyu ba. Saboda haka wanda zai yi sati a gona mota na tsaye, batir na biyu kaɗai ba zai fisshe shi ba, sai ya ɗora faifan sola a kan rufi, tare da na'urarsa mai daidaita caji. Mai wat 100 yakan maido 25 zuwa 30 a yini in rana ta fito sosai, amma da hazon hunturu abin yakan ragu, sai ana share ƙura.

MAI TSARON ƘOFA

Abin da ya fi batiran biyu muhimmanci shi ne abin da ke tsakaninsu. Wani mai gyaran waya, don sauri, sai ya ja waya daga kan wannan zuwa kan wancan ya ɗaure, ya ce an gama. Wannan ba batir biyu ba ne, batir ɗaya ne babba. Firji ya kwana yana sha, duka biyun su kwanta tare. In kuwa ɗaya tsoho ne, ya dinga janye na sabon ko ba a jona kome ba.

Abin da ake bukata shi ne mai tsaron ƙofa: in inji na aiki ya buɗe, altaneta ta cika su duka, in an kashe inji ya rufe, kowa ya tsaya a ɗakinsa. Mafi araha shi ne makunni babba na hannu, direba ya murɗa da kansa. Yana aiki sarai, sai dai ranar da aka manta, kuma ranar tana zuwa. Sama da shi akwai babban rile wanda ake jona wa makullin mota, an kunna ya haɗa, an kashe ya raba. Aibinsa, yakan haɗa tun kafin inji ya kama, batirin da ya kwana da yunwa ya ja ɗan'uwansa daidai lokacin da sitata ke neman ƙarfi, sai in mai gyaran ya san yadda zai kauce wa wannan.

Wanda ya fi dacewa da tsofaffin motoci shi ne rile mai auna ƙarfin wuta da kansa. Lafiyayyen batir da ya cika, yana hutawa, yakan nuna bolt 12.6 ko 12.7 a mita. In inji ya tashi, altaneta takan kai shi 13.8 zuwa 14.4. Shi wannan rile yana jira sai ya ga wuta ta kai wajen 13.3 sa'an nan ya haɗa, in ta sauko wajen 12.8 ya raba. Ba ruwansa da mantuwar direba.

Amma mai sabuwar mota, ko wadda aka shigo da ita daga Turai ba da daɗewa ba, ya dakata tukuna. Waɗansunsu altanetarsu kwamfuta ke juya ta don tsimin mai, tana cikin tafiya sai ta sauke wuta ƙasa da 13, rile ya zaci an kashe inji ya raba, a yi tafiya tun daga Zariya har Funtuwa batir na biyu bai sami kome ba. Ganewa ba wuya. A sa mita a kan batir bayan an yi tafiyar minti ashirin, inji na aiki, a duba ko lamba ta tsaya sama da 13.5 ko tana hawa da sauka. In tana wasa, sai a nemi wata caja ta musamman wadda ke karɓar wuta daga batirin farko ta gyara ta ta ba na biyu daidai cikinsa. Ta fi rile tsada nesa, amma ita ce kuma tilas ga mai son batirin litiyam. Shi litiyam, irin wanda ake sa wa mota, bai kai rabin nauyin na darma ba, ana iya cin kashi 80 cikin 100 nasa, kuma ya fi daɗewa. Sai dai haɗamarsa wajen shan caji tana iya gasa altaneta in aka haɗa shi kai tsaye.

Akwai wani tarko kuma. Manyan motoci, da waɗansu tsofaffin Land Cruiser masu shan gas, da ma da batir biyu suka zo, amma a jere aka ɗaura su don su ba da bolt 24, duka biyun na ta da inji ne. Yaran mota sukan saci wuta daga guda ɗaya don rediyo ko cajin waya. Wanda ake sata daga gare shi ba ya cika, ɗayan kuma caji ya yi masa yawa, sai a wayi gari an yi hasarar biyu. Irin wannan mota na bukatar na'urar da ke sauke 24 zuwa 12.

WAYA DA FIS

Wayar da ke tsakanin batiran ba wurin tsimi ba ce. In na biyu yana bayan a-kori-kura, tsawon ya kai mita biyar ko shida, siririyar waya sai ta shanye wutar a hanya ta yi zafi, batir kuwa bai taɓa cika ba. A nemi mai lamba 16, ko 25 in tafiyar da nisa, kuma a sa mai shago ya yanka bakinta a gani, domin akwai mai kaurin roba cikinta ba kome, akwai kuma alminiyam da aka yi wa wankan jan ƙarfe. Araha ba ta ado.

Fis biyu ake sawa, ba ɗaya ba, kowane kusa da kan batirinsa mai alamar tarawa, kada ya wuce taƙi guda. Dalili kuwa, wayar nan wuta na shigarta ta kowane gefe. In gargadar hanya ta goge robarta ta taɓa ƙarfen mota, fis ɗaya ya yanke, ɗaya batirin zai ci gaba da turo ɗaruruwan amfiya har waya ta yi ja. Motar da ke ɗauke da jarkokin fetur na injin ban ruwa da buhunan masara, Allah ya kiyaye. Ga waya mai lamba 16, fis mai 80 ya isa. In ya ƙone a nemi dalili, kada a naɗa masa waya a ce an gyara. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a zura ta cikin guntun tiyo, a ɗaure ta kowane kamu, nesa da salansa. Mai ɗaukar hatsi ya riƙa leƙawa, ɓera na son roba.

Wajen ɗaurawa, a fara cire kan da ke da alamar ɗebewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa, don kada sifana ta taɓa jikin mota ta yi tartsatsi.

Inda za a ajiye batirin ma abin dubawa ne. Zafi ne babban abokin gabansa. Masana sun ce ƙarin digiri takwas zuwa goma bisa 25 yakan rage rabin kwanansa, ga shi kuwa a Maris da Afrilu zafin Zariya kan wuce 35 a inuwa, balle kusa da inji. Litiyam da irin rufaffen nan da ba a ƙara wa ruwa, gara a baya cikin akwati. Mai ruwa kuwa ba a sa shi inda mutane ke zama, gama in yana caji yakan fid da iska mai kama wuta, sai wurin da iska ke ratsawa, kuma ban da taba a kusa. A ɗaure shi da noti ga jikin mota, ba da igiya ba, a ɗaga shi yadda ruwan rafi ba zai cim masa ba, a kuma nisanta shi da buhunan takin zamani, don taki na cin ƙarfe. In ruwansa ya ja baya, tataccen ruwan batir ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba asid ba.

Ga malaman dabbobi da masu kiwon kaji batun ya wuce na jin daɗi. Yawancin allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Tun yaƙin da aka soma yi da bushiya a 1962 a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, tsare magani da sanyi har ya isa ruga yana cikin abin da ya fi wahalar da ma'aikata, kuma sai a 2011 aka tabbatar cutar ta ƙare a duniya. Maganin da ya sha zafi ba ya sake kama a kwalba. A yi wa garke, a karɓi kuɗi, makiyayi ya tafi da murna, ashe ruwa aka tsira. Saboda haka mai firji ya sa ɗan ma'aunin zafi a ciki, ya kuma manna ƙaramar mita ta batir na biyu inda direba zai riƙa gani. In ta sauko 12.2, rabi ya tafi, lokacin ta da inji ya yi. Kuma kada a zaci daga Ƙofar Kibo zuwa Dakace ya isa cika shi. Batirin darma da aka ci rabinsa yana son tafiyar awa uku ko fiye, gama ƙarshen cikarsa a hankali yake sha. Wanda motarsa ba ta yin doguwar tafiya, ya riƙa kai shi caji a gari ko sau ɗaya a mako biyu, domin barinsa da yunwa ke kashe shi.

A bar kebur na jona batir a ƙarƙashin kujera. Ran da na farko ya tsufa ya ƙi tashi da sanyin asubar Janairu, a kashe firji, a jona na biyu, a jira minti biyar, sa'an nan a murɗa makulli.